Rabi Mai Jan Baki

Ba zan taɓa mantawa da azumin da na shiga da rabin gashin baki ba. Ko na so in manta ma kakata ba za ta bari ba, domin har yau da sunan da ta raɗa mini a ranar take kirana, ko da baƙi a gidan.

Shekarar nan ce da komai ya tsaya cak. Malaman jami'a suna yajin aiki, mun dawo gida mun zauna har littattafanmu suka fara warin rumbu. Taki ya gagari manomi, kuɗin mota ya gagari matafiyi. Taransifomar ƙauyenmu kuwa ta ƙone tun kafin damina, aka bar mu da turaku da wayoyi, tsuntsaye suna shan iska a kai. Ƙauyen namu a gefen Minjibir yake, irin wanda gonar wannan take manne da katangar wancan. In ka yi tari a ɗakinka, maƙwabci zai aiko a yi maka sannu.

Ni mutum ne mara magana. Ka ba ni littafi da inuwa, ka gama da ni. A gidanmu, gidan malamai, ni kaɗai na yi nisa a boko, kuma Baffa Malam ne ya tsaya mini, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Lokacin da zan tafi makarantar kwana, wani dattijo cikin abokan zamansa na zaure, Baba Sale, ya ce masa a gaban kowa, "Malam, yaron da ya sauke Alƙur'ani za ka miƙa wa boko? Za a dawo maka da shi ba hula ba gemu." Baffa ya ce a zuba ido a gani. Suka kuwa zuba. Duk hutun da na dawo, idon Baba Sale kan fara sauka a kaina ya duba hula, sannan ya gangaro haɓata. (Shekaru da dama haɓar ba ta ba shi abin faɗa ba, don babu komai a wurin. Sai da na shiga jami'a 'yan silin gashi suka fito, nan kaɗan can kaɗan, kamar geron da aka shuka ruwa ya ɗauke.)

Ana gab da azumi Baffa ya kira ni zaure. Alaramman da ya saba ja masa baki a tafsiri ya tafi ci-rani kudu, kuɗin motar dawowa ya gagare shi. Mai jan baki, ga wanda bai saba zama wurin tafsiri ba, shi ne mai karanta aya da murya, malam ya fassara, ya sake ja, malam ya sake fassarawa.

"Bana kai za ka ja mini baki," in ji Baffa, idonsa a kan littafi, kamar mai cewa a miƙo masa buta.

Na ce, "Ni, Baffa?"

"Akwai wani a zauren nan bayan ni da kai?"

Na fito daga zauren. Na san ba ƙaramin abu ya ɗora mini ba. Zai zaunar da ɗan bokonsa a gefensa ne, gaban duk garin, ya ce ga shi, ku duba da kyau ko ya lalace.

Da labari ya shiga cikin gida, Iya ta aiko a kira ni. Iya ita ce kakata, mahaifiyar Baffa, kuma tun ina rarrafe take ce mini maigida.

"Maigida, na ji an ce za ka ja baki. A wace kasuwa za ka sayo jan bakin? Ka haɗo da nawa, ni ma in yi maka kwalliya."

Na ce, "Iya, ba irin wannan ba ne."

"Na sani. Matso in gan ka." Ta kama haɓata ta juya dama, ta juya hagu, kamar mai tayin rago. "Da wannan za ka zauna gaban jama'a? Na bunsuruna ya fi shi tsari. Gashin bakin kuma ya sauko, sai ka ce shi ke son shan kunun kafin kai."

Wasa take yi, amma ta taɓa inda yake mini ciwo. Na ari madubinta na duba, na ga gaskiyarta. Ba askewa zan yi ba, Allah Ya kiyaye. Rage gashin baki zan yi kamar yadda sunna ta koyar, in daidaita gemun ya zama tsawo ɗaya. Wanzamin garinmu zai iya, amma a gindin darbejiya yake aiki, bakin hanya, kuma duk kan da ya riƙe sai ya zama abin hirar majalisa. Mutum irina ba zai iya zama a wurin ana ƙirga masa silin gemu ba. Sai na yanke shawarar sayen injin aski nawa na kaina, in yi abina a ɓoye.

Yanzu, ni ba na sayen abu da ka. Ko biro zan saya sai na gwada shi a takarda iri biyu. Na riƙa hawa tudun bayan masallaci, inda waya take samun sabis, ina karanta duk abin da aka rubuta a kan injinan aski. Na san mai waya, na san mai caji. Na san wanda haƙoransa suke wasa kansu da kansu, da wanda ake shiga wanka da shi. Kafin mako ya zagayo, da za a ba ni allo da alli, zan iya koyar da darasi a kai. Na haɗa ɗan abin da na samu wajen koya wa yaran maƙwabta lissafi, na hau motar birni.

Mai shagon da na shiga, da ya ga tabarau a idona, nan take ya naɗa ni injiniya.

"Injiniya, bismilla. Kilifa ake so? Na shago ko na gida?"

Ya jera mini guda uku a kan kanta. Na farko ƙato ne mai nauyi, mai doguwar waya, irin na masu shagon aski. Ya ce wannan jikokina ma za su gada. Na ajiye shi gefe, don ko jikokin nawa ban tabbata za su tarar da wuta a garinmu ba. Na biyu ɗan ƙarami ne mai cin batir irin na tocila, batirin da ko a teburin mai shayi za ka samu. Na juya shi, na ga ya yi kama da abin wasan yara, na raina shi. (A riƙe wannan wurin. Duk lokacin da na tuna ɗan injin nan sai in ji kamar in koma in ba shi haƙuri.)

Na uku baƙi ne mai ratsin ruwan gwal, sumul, yana zama a tafin hannu kamar don shi aka yi hannun. A jikinsa akwai ɗan gilashi, a kan gilashin ga hoton batir a cike, ga lamba ɗari ɓaro-ɓaro.

Na yi wa mutumin nan tambayoyi har ya fara fifita da kwali. Wane irin ƙarfe ne haƙoran? Matajan robar da ake saƙala masa a baki don rage tsawo, guda nawa ne? Ana sa masa mai? Yana zafi in ya daɗe yana aiki? Ya amsa abin da ya sani, ya ƙago sauran.

"Caji fa?" na ce.

"Injiniya, ai da idonka kake gani. Da cajinsa ya taho daga kamfani."

Ya danna, injin ya ɗauki ƙugi kamar ƙudan zuma. Ya kashe. Na lura ko da ya kashe, ɗarin nan tana nan ba ta gushe ba. Maimakon in yi tambaya, sai na yaba wa maƙeransa a zuciyata: dubi aiki, ko a kashe yake yana gaya maka gaskiya. Akwai wata siririyar leda a kan gilashin, gefenta ya ɗan ɗago. Na sa babban yatsa na lallaɓa ta ta koma. Mu ai ba ma cire wa sabon abu leda. Rediyon Baffa ya girme ni, har yau da ledarsa. Wanda ya sayi sabon babur a garinmu kan hau kujerar da ledarta har sai ta yage don kanta. Cire leda kamar ka tsofar da abu ne da hannunka.

A mota na karanta takardar bayanin da ke cikin kwalin daga farko har ƙarshe, har da ɓangaren yarukan da ban sani ba. An rubuta a fili cewa a yi masa caji sosai kafin a fara aiki da shi. Na karanta, na gane, sannan na yi wa kaina fatawa: wannan ga waɗanda nasu ya zo fanko ne, nawa kuwa ɗari yake nunawa. Ga shi kuma kai shi wurin mai cajin waya daidai yake da yin shela a kasuwa. Da na dawo gida na ɓoye shi a ƙasan akwati. Kullum in na kulle ɗaki nakan fito da shi, in kunna, in saurari ƙuginsa na ɗan lokaci, in duba gilashi. Ɗari. Kai, har na fara tunanin ko ba ya cin caji ne sam.

Aka ga wata. Tafsiri bayan la'asar za a buɗe, a harabar masallaci. Na ƙi yin gyaran tun da wuri don ina so ya fito sabo fil. Bayan azahar, gari ya yi tsit, zafin bazara da yunwar ranar farko sun kwantar da kowa, na zagaya bayan rumbu na rataye madubin Iya a ƙusa.

Tsari na yi, kamar kullum. Dama kafin hagu, yadda ake alwala. In gama ɓangaren dama gaba ɗaya, gashin baki da gemu, sannan in koma hagu. Na yi bismilla na ɗora a gashin baki na dama. Ya tafi sumul, leɓena ya fito fes, har na yi wa madubi murmushi. Na saƙala matajin roba, na gangaro gemu.

A nan muryar injin ta fara canzawa. Ƙudan zuma ya koma tsohon ƙuda. Na duba gilashi: ɗari. Na ce ƙila gashin ne ya yi masa kauri (gashin da Iya ta ce na bunsuru ya fi shi). Na ƙara dannawa. Haƙoran suka cafke gashi suka riƙe, zafi ya ratsa ni har ƙeya, na fizge hannu, matajin robar ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙaiƙayi. Injin kuwa, da sauran numfashinsa na ƙarshe, tsirara ba mataji, ya haura daga haɓata har kusa da kunne. Sannan ya yi shiru.

Na dubi madubi. Gashin baki na dama babu, na hagu yana nan da ƙarfinsa, ya sauko kan leɓe. A tsakiyar gemun dama kuma ga hanya fetal, fara tas, kamar burtalin shanu tsakanin gonaki biyu.

Na danna, shiru. Na girgiza shi, na buga shi a tafin hannu, na ajiye shi a rana kamar yadda muke yi wa batirin rediyo. Shiru. Gilashi kuwa yana kallona: ɗari.

Na zauna a gindin rumbu na auna abin da ya rage mini. Mai cajin waya ba ya tada janareta sai bayan magariba, shi ma in ya samu mai. In na samo reza na kwashe duka, na cika wa Baba Sale maganarsa da hannuna, a ranar farko ta azumi, a gefen Baffa. In na fita a haka, kowa zai ce askewa na fara aka kama ni. Ina cikin wannan lissafi aka kira la'asar. Na ruga ɗaki, na zazzage jakar makaranta, na ci karo da wani tsohon takunkumi da ya rage tun zamanin korona. Na ɗaura. Ya rufe hanci, ya rufe leɓe, ya rufe burtali. Na ce Alhamdu lillahi.

Matsalar ita ce, a garinmu ko lokacin da cutar take tashe ba a ga mai sa takunkumi ba, balle yanzu da zafi yake narka kwalta. Ga shi ina azumi, ba zan yi ƙarya ba. A ƙofar masallaci, bayan an idar da salla, Baba Sale ya tare ni.

"Ɗan Malam, cutar ce ta dawo?"

"A'a, Baba."

"Mura?"

"A'a, Baba."

"Haƙori?"

"Akwai dai dalili, Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To. Mu dai jaki muka san ana sa wa takunkumi, shi ma sai in zai ratsa gonar mutane."

Harabar ta cika. An shimfiɗa wa Baffa buzu, ni aka shimfiɗa mini darduma a damansa. An jona lasifikar kan masallaci da batirin mota don mata su ji daga cikin gidaje. Aka tura mini abin magana gabana. Baffa ya yi addu'a, ya ɗaga mini kai.

Na fara. Ni kaina na ji abin da ya fito: murya kamar ta mutumin da ya faɗa rijiya. Gumi ya jiƙa takunkumin, duk numfashin da na ja sai ƙyallen ya shige bakina. Ni da nake taƙama da fitar da kowane harafi daga mazauninsa, ga harafin mim da harafin ba sun haɗe sun zama abu ɗaya. Ban kai ƙarshen aya ta biyu ba Baffa ya ɗaga hannu.

"Me ke bakinka?"

"Takunkumi ne, Baffa."

"Na ga takunkumi ne. Ba a jan baki da baki a rufe. Haruffan nan suna da haƙƙi a kanka. Cire."

Na dubi ƙasa ko za ta taimaka ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Na sa hannu bayan kunne na zare igiya ɗaya, na zare ɗayar.

Sahun gaba suka ƙura ido, na baya suka ɗaga wuya. Baba Sale ya gyara zama, ya sunkuyo wajen Baffa, ya ce a hankali amma yadda kowa zai ji, "Malam, ashe an fara."

Baffa bai kula shi ba. Ni yake kallo, kuma ba fushi na gani a fuskarsa ba. Da fushi ne da sauƙi. Fuskar mutum ce wanda ya daɗe yana tsaya wa wani, yana jiran ya ji ko tsayuwar banza ya yi. Ya rage murya ya ce, "Aske shi ka tashi yi?"

Na sunkuya don in ba shi amsa a asirce, tsakanina da shi. Na manta cewa sunkuyawar ta kai bakina daidai kan abin magana.

"Wallahi a'a, Baffa. Gyarawa na tashi yi. Caji ne ya ƙare."

Na ji muryata ta fita ta saman masallaci, ta bi kan gidaje, ta ratsa gonaki, ta dawo mini. Caji ne ya ƙare. Wani a sahun baya ya kasa riƙewa, daga nan harabar ta ɓarke. Masu azumin da ɗazu ko amsa sallama da ƙyar suke yi, ga su suna riƙe ciki. Ta bayan katanga ma ana jin dariyar mata, kuma a cikinta na tsinci ta Iya, don ita tata da tari take ƙarewa.

Na saci kallon Baffa. Ya sa gefen rawani ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna motsi. Nauyin nan da na gani a fuskarsa ya tafi. Da ya samu kansa, ya jawo abin maganar gabansa, jama'a suka lafa.

"To, kun ji dai," ya ce. "Bana komai a rabi yake ƙare mana. Taki ya ƙare a rabin gona, mai ya ƙare a rabin hanya, hatsi yana neman ƙarewa a rabin shekara. Na ɗana a rabin fuska ya ƙare. Malam Sale, gemun yana nan, hanya kawai aka fitar masa." Ya turo mini abin maganar. "Ja mana, kada karatun ma ya tsaya a rabi."

Na ja. Kuma abin mamaki, ban taɓa karatu mai daɗin na ranar ba. Duk tsoron da na kwana da shi na makonni, kada murya ta yi rawa, kada a ga aibina, ya zama ba shi da sauran aiki. An riga an ga iyakar abin da za a gani. Na buɗe rabin gashin bakina na ba kowane harafi haƙƙinsa. Da aka shafa fatiha, Baba Sale ya miƙo mini hannu ya ce, "Karatu dai akwai shi." Ya ƙara da cewa, "Fuskar ce sai a hankali."

Da aka sha ruwa, Iya ta ce in kawo mata abin da ya yi wa mijinta wannan aika-aika. Na kawo, ina ta bayani cewa injin ne maƙaryaci, ga shi har yanzu ɗari yake nunawa. Ta kai shi kusa da fitila, ta juya, ta sa farce a gefen ledar nan da na daɗe ina lallaɓawa, ta ɗaye. Hoton batir da ɗarin gaba ɗaya suka biyo ledar. Gilashin ya rage baƙi ƙirin, babu komai a kansa.

"Maigida," ta ce, tana ɗaga yatsa, "ga ɗarin taka a hannuna. In ajiye maka, ko za ka sa a aljihu?"

Na karɓi ledar daga yatsanta. Wai ni! Mutumin da ya karanta takardar bayani har da yarukan da bai sani ba.

"Ni dai miji cikakke na aura, an dawo mini da rabi," ta ce. Sai idonta ya yi haske, na san na shiga uku. "Rabi. Rabi mai jan baki. Matso ki sha kunu, Rabi, kin sha aiki."

Baffa ne da kansa ya zaunar da ni a zaure a daren, ya ɗauko ɗan almakashinsa ya daidaita mini gashin baki na hagu, yana riƙe da haɓata kamar lokacin da yake wanke mini fuska ina yaro. Burtalin kuwa aka bar wa Allah. Duk watan dattijan sahun gaba suna bibiyarsa kamar gonar gandu. Yau a ce ya fara tsiro, gobe a ce yana son taki. Ranar salla Baba Sale ya duba ya ce shuka ta haɗe, a yi mini barka.

Injin yana nan, kuma in ya sha caji na gaske yana aiki ba laifi. Baffa ma yakan aiko a karɓo masa ranar Juma'a, sai dai kullum da saƙo: a tambayi Rabi, cajin na ciki ne ko na leda?

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma a fuskata na koye shi. Duk abin da ya nuna maka ɗari safe da yamma, a kunne da a kashe, bai taɓa raguwa ba a shekarar da komai yake raguwa, to sa farce ka ɗaga gefensa. Yanzu ko me na saya, tun a gaban mai shago nake ɗaye ledar. Rediyon Baffa kaɗai na ƙyale. Na gwada sau ɗaya, ya buge mini hannu.